Man Aksul, Wanda Ba A Tunawa Da Shi Sai Mota Ta Fara Kuka

Duk wanda ya taɓa riƙe mota, ko tasa ce ko ta haya, ya san baƙin man inji. Kullum da safe zai zaro sandar awo ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Ya san ruwan lagireto, ya san man birki, ya san iskar taya. To amma akwai wani mai guda da ke can ƙarƙashin mota ta baya, a cikin wata tukunyar ƙarfe mai kama da kabewa, a tsakanin tayoyin baya biyu. Shi wannan mai ba shi da sandar awo, ba shi da fitilar da za ta kama a gaban direba in ya ƙare, saboda haka sai a yi shekaru ba wanda ya leƙa shi. 'Yan'uwanmu na Kano da Maraɗi suna kiran wannan wuri aksul, mu kuwa a nan Khartum da Umdurman bakinmu ya saba da kalmar makanikan gari, wato korona. A kan man wannan tukunya muke so mu yi magana a wannan wata, yadda ake zaɓensa da yadda ake canza shi.

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa malamin makaranta da ƙarƙashin mota? Gaskiya ne, a kwalejin horon malamai alli da allo aka koya mana. Sai dai kowa ya san albashin malami, ya kuma san inda yake tsayawa a cikin wata. Gidanmu muna da tsohuwar boksi, wato Toyota Hilux a-kori-kura ta shekarun 1980, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana. Da ita ƙanenmu yake ɗaukar kaya daga Kasuwar Libiya zuwa Umbadda da Sawra, mu ma in an tashi makaranta mukan karɓe shi. Gida uku ke cin abinci a kanta. Wannan ne ya sa muka yi shekaru muna zama a kan benci a unguwar makanikai ta Umdurman, a gefen wani dattijo Bahaushe da kowa ke kira Usta, muna kallo muna tambaya, in mun koma gida mu buɗe littafin motar mu gwada abin da ya faɗa da abin da aka rubuta.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa kowa ya san shi. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a tsakiyar birni, jama'a suka watse, wasu suka yi Madani da Sinnar da Maiwurno, wasu Atbara da Bur Sudan, wasu suka tsallaka iyaka. An yi awon gaba da motoci masu ɗimbin yawa, an ƙone shaguna da garejoji. Bayan da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris 2025, mutane suka fara komawa gidajensu, da yawa daga cikinsu suka tarar da abin da ya rage a tsakar gida shi ne tsohuwar motar da ba ta ɗauki hankalin ɓarawo ba, ko wadda ta ƙi tashi aka bar ta. To ita ce yanzu jari. A kanta mai gida zai sake kafa rayuwa, alhali kayan gyara sai an ɗauko su daga tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan, tafiyar sama da kilomita 800, ga kuma kuɗin ƙasa da ya zube. Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe, mu kuwa yanzu ko zaɓin ba mu da shi, yaɓen ne kaɗai a gabanmu.

Dama can ƙasar nan ƙasar tsofaffin motoci ce. Wanda ya tashi a Khartum ya san tasi mai ruwan ɗorawa ƙirar Hillman Hunter, motar Ingila wadda aka ƙera tsakanin 1966 da 1979, amma ta ci gaba da yawo a titunanmu shekaru da dama bayan an manta da ita a ƙasarta. Ya san babbar mota Bedford da ake wa laƙabi da Sifinja, sunan silifas ɗin soso, saboda taushin tafiyarta, wadda maƙeran Sudan suka ƙara mata tsawo da ƙarfi har ta riƙa ratsa rairayi zuwa Kurdufan da Darfur, duk da kamfanin ya daina ƙera ta tun shekarun 1980. Ya san Land Rover da Land Cruiser, da Hiace, da 'yan ƙananan motocin nan na haya da muke kira amjad. Duk waɗannan da tayoyin baya suke tura kansu, wasu kuma da tayoyi huɗu, wato kowacce tana da wannan tukunya da muke magana a kai, wasu ma biyu gare su, gaba da baya.

Bari mu ɗan yi darasi, tunda shi ne sana'armu. In ɗalibai suna fareti a jere, aka zo kwana, yaron da ke can waje dole ya buɗe ƙafa ya yi sauri, na ciki kuwa ya riƙa taka ƙasa a hankali, in ba haka ba layi ya karye. Haka tayoyin mota suke. In tazarar da ke tsakanin tayoyin baya mita 1.5 ce, mota ta yi zagaye ɗaya cikakke, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da mita 9 da ɗoriya. Da a ce sanda guda ce ta haɗa su ƙam, da ɗaya sai ta riƙa jan ƙasa tana ƙuna a kowace kwana. Aikin aksul shi ne ya karɓi ƙarfin da farfela ta kawo daga giya, ya juya shi zuwa hagu da dama, ya raba wa tayoyin biyu, ya kuma bar kowacce ta yi gudun da ya dace da ita.

A cikin tukunyar akwai babban faifai mai haƙora, akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke juya shi, sa'an nan akwai wasu ƙanana a tsakiya masu yin rabon. A boksi da yawa irin tamu, babban yana da haƙori 41, ƙaramin yana da 10, wato sai ƙaramin ya juya sau 4 da ɗan kai kafin taya ta juya sau ɗaya. Mu yi lissafi tare. Taya mai kewayen mita 2.2 za ta juya sau miliyan 18 da wani abu a tafiyar kilomita 40,000, ƙaramin ƙarfen nan kuwa zai juya kusan sau miliyan 75, kullum haƙori a kan haƙori, da nauyin buhunan sukari ko siminti a bisansa. Abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a duk wannan tafiya shi ne ɗan siririn mai da bai kai kaurin takarda ba.

Sa'an nan akwai wani abin da ya sa man aksul ya bambanta da kowane mai. Tun wajen 1926, lokacin da kamfanin Packard na Amurka ya fara sa shi a motocinsa, masu ƙira suka koma wani salo da ake kira haifoid, inda ƙaramin ƙarfen yake shiga babban ta ƙasa da tsakiyarsa. Wannan ya sa aka iya sauke ƙasan mota, aka kuma rage ƙara. Illarsa ita ce haƙoran ba mirginawa kawai suke yi a kan juna ba, suna kuma gogar juna kamar mai wasa wuƙa a dutse. Man da ba a shirya shi domin wannan ba, matsi zai kore shi, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, zafi ya sa su fara manne wa juna suna yagewa. Shi ya sa ake zuba wa man aksul sinadarai na farar wuta da fosfaras, waɗanda in wuri ya yi zafi suke yin wata 'yar fata a kan haƙorin, ita ce za ta riƙa cinyewa a madadin ƙarfen. Warin nan mai ɗaukar kai da kuke ji in an buɗe galan ɗin man aksul, warin farar wutar ne, alama ce ta kirki.

To yaya mutum zai zaɓa? A jikin kowane galan na kirki akwai rubutu iri biyu, kuma kowanne da abin da yake faɗa. Na farko shi ne haruffan GL da lamba, wato matakin da cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta tsara. Wannan lamba ita ke nuna ƙarfin sinadaran nan masu kare haƙori. GL-1 kusan babu su a ciki. GL-4 yana da su daidai gwargwado. GL-5 ya fi yawansu, kusan ninkin na GL-4, kuma shi ne aka yi domin aksul irin na haifoid mai ɗaukar nauyi. Saboda haka ga boksi, da Hiace, da Land Cruiser, da mafi yawan motocin da muka lissafa, GL-5 ne abincin aksul ɗinsu. Wannan lamba ita ya kamata a fara dubawa, amma abin mamaki ita ce mutane suka fi tsallakewa.

Rubutu na biyu shi ne SAE da lamba, kamar 90, ko 80W-90, ko 85W-140, ko 140. Wannan kaurin man yake nunawa. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man yake gudu a lokacin sanyi, ta bayan kuma kaurinsa in ya yi zafi. Kada lambar ta ruɗe ku, domin ma'aunin man giya daban yake da na baƙin mai: man giya mai lamba 90 kaurinsa kusan ɗaya ne da baƙin mai mai lamba 40 ko 50. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, wani lokaci har 45, lambar sanyi ba ta dame mu sosai ba. Ƙaramar mota da boksin da ba ta cika lodi ba, 90 ko 80W-90 ya ishe su. Babbar mota, ko boksin da kullum take maƙare tana doguwar tafiya cikin rana, ita ce ake ba 85W-140 ko 140. In littafin motar yana nan, maganarsa ce a gaba da tamu da ta kowa.

A nan ne muke so jama'a su tsaya su yi tunani, domin a kasuwa kauri aka ɗauka shi ne inganci. Mai saye zai tsoma yatsa, in ya ga man yana bin hannu kamar zuma sai ya ce wannan shi ne mai. Alhali mai kauri wanda ba shi da sinadaran kariya ba zai hana haƙori yagewa ba, siririn GL-5 na gaske ya fi shi nesa ba kusa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mun taɓa tambayar Usta, muka ce, "Baba Usta, aksul ɗin da ya fara kuka, in an ɗura masa 140 ba ya yin shiru?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, in yaro yana kukan ciwon ciki ka toshe masa baki da tsumma, shirun ka samu, ciwon yana nan." Haka nan masu cusa giris a tukunya domin ta daina yoyo, su sani haƙori yana yanka hanya a cikin giris ya wuce, giris ba ya komowa ya cike wurin, kuma ba ya fantsama ya kai ga boris ɗin gaba.

Akwai wurare huɗu da wannan doka ta GL-5 ba ta aiki kai tsaye, kuma saninsu zai tserar da mutum daga asara. Na ɗaya, giya. A cikin giyar tsofaffin motoci akwai wasu zobba na tagulla masu daidaita gudu kafin giya ta shiga. Farar wutar da ke cikin GL-5 tana iya cin tagulla in zafi ya yi yawa, man kuma ya cika santsi ga zobban, sai giya ta fara gurza. Saboda haka yawancin tsofaffin giyoyi GL-4 suke so, kada a ce tunda galan ɗaya ya rage bari a raba wa giya da aksul. Na biyu, tsohuwar Peugeot 404 ta zaman mutane, da 403 kafin ta, aksul ɗinsu wani salo ne daban mai faifan tagulla, yana da man da kamfani ya keɓe masa, wanda ya ɗura masa man haifoid ya sa masa guba. Na uku, wasu Land Cruiser da Hilux suna da aksul mai hana taya ɗaya yin juyin banza a rairayi, ana rubuta LSD a jikinsa, shi ma sai man da aka rubuta LSD ko LS a galan ɗinsa, in ba haka ba zai riƙa karkarwa a kwana. Na huɗu, motoci masu ja da tayoyin gaba, irin Hyundai Accent da aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Giad, ba su da tukunyar baya sam, nasu yana haɗe da giya, mai ɗaya suke sha.

Yanzu mu zo ga abokan gaban wannan mai a garinmu. Zafi mun riga mun faɗe shi, shi ne ke tsufar da mai ya sa shi ya yi baƙi ya yi ƙauri. Sai ƙura. A saman aksul akwai wani ɗan ƙaramin hanci mai hula, ta nan tukunyar ke numfashi in iskar ciki ta yi zafi ta kumbura. In habub ta taso ta rufe gari, ko aka daɗe ana bin hanyar turɓaya, ƙura da maiƙo sukan toshe wannan hanci. Iska ta rasa mafita, sai ta tura man ta robobin da ke tare shi a bakin farfela da wajen tayoyi. Wanda ya ga maiƙo a cikin tayar baya kada ya yi wasa, domin man da ya bi ta nan a kan birki yake sauka, birkin da ya sha mai kuwa ba ya kamawa. Sau da yawa ana canza roba sau biyu sau uku yoyo bai tsaya ba, alhali ɗan hancin nan ne kawai ke son a kwance a wanke.

Babban maƙiyi shi ne ruwa. Khartum garin fari ne, amma in damina ta zo tsakanin Yuli da Satumba, ruwan sa'a biyu ya isa ya mai da titi tafki. Manya suna tuna ambaliyar watan Agusta 1988, da aka zuba sama da milimita 200 cikin kwana ɗaya, mu muna yara a lokacin. Kowa kuma ya ga ta Satumba 2020, da Shuɗin Nilu ya haura mita 17.5 har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Ko ba ambaliya, Korin Abu Anja da kwatamin Umbadda sun ishi direba. Abin da ke faruwa shi ne, aksul ya ɗau zafi a tafiya, sai a tsunduma shi cikin ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, tukunyar ta zuƙo ruwa ta hancinta ko ta tsohuwar roba. Ruwa ya gauraya da mai, ya koma kalar shayi da madara. Daga nan kariya ta ragu, tsatsa ta fara cin boris, mai mota kuwa bai san komai ba tunda inji na tashi lafiya.

Mun ga sakamakon irin wannan da idonmu. Wani maƙwabcinmu mai amjad, magidanci mai 'ya'ya shida, ya ratsa ruwa a damina sau da dama. Da ya ji ɗan gurnani a baya sai ya tsaya wurin wani mai sayar da mai a bakin titi, aka ƙara masa daga wata jarka marar rubutu, aka ce masa ya tafi. Bayan makonni kaɗan, da fasinja cike, aksul ya cije a kan kwalta, tayoyin baya suka tsaya cak, motar ta juya ta dubi inda ta fito. Allah ya kiyaye ba mota a bayansa. Da Usta ya buɗe tukunyar sai ga laka mai ruwan toka da guntayen haƙora, man da aka ƙara kuwa ko warin farar wuta babu, tsohon baƙin mai ne da aka tace. Motar ta yi wata biyu a kan duwatsu ana neman kwancen aksul, gidan kuwa a wannan wata biyun bashi aka ci. Kuɗin man kirki da zai hana wannan bai kai na cinikin kwana biyu ba.

Canjin kansa ba wuya gare shi ba, duk mai sufana da haƙuri zai iya. A fara ɗan yawo da motar na minti goma ko sha biyar domin man ya yi ɗumi ya saki. A tsayar da ita a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi. In an ɗaga ta, a sa mata matokari mai ƙarfi, kada wani ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A goge ƙura a kewayen notuna biyu, na gefe da na ƙasa. Sa'an nan, wannan a riƙe shi da kyau, a fara kwance notin gefe na zubawa kafin na ƙasa. Domin in ka tsiyaye man ka zo na gefe ya ƙi kwantuwa, ka zauna da mota ba mai ba hanyar zubawa. In na gefe ya saki, sai a tara kwano a kwance na ƙasa, a bar shi ya tsiyaye sosai. Wasu motocin ba su da notin ƙasa, sai an zuƙe man da famfon hannu ko an kwance murfin baya an sa sabon gaskit.

Kafin a zubar da tsohon man a karanta shi, domin shi ne wasiƙar da aksul ya aiko. A yawancin motoci notin ƙasa yana da maganaɗisu. In ka ga laushin garin ƙarfe kamar kwalli a jikinsa, ba komai, tsufa ne na yau da kullum, goge shi. In ka ga ɓarɓashi mai kaifi ko guntu, to a buɗe tukunyar a duba tun kafin ta tsayar da kai a daji. In man ya yi kalar madara, ruwa ne, a canza, a ɗan yi tafiya ta 'yan kwanaki a sake dubawa, in da saura a sake canzawa. In ɗan kaɗan ya fito, a nemi inda yake yoyo. Bayan haka a mayar da notin ƙasa da sabon wasal in an samu, a ɗaure daidai ba da hauka ba. A ɗura sabon mai ta gefe da famfon hannu ko tiyo da mazurari, har sai ya kawo bakin ramin ya fara dawowa. Nan ne ma'auninsa, ƙari a kan haka yoyo yake jawowa. Ƙananan motoci da boksi sukan sha tsakanin lita 1 da lita 3. Mai tayoyi huɗu kada ya manta da aksul ɗin gaba da ƙaramar giyar rabo.

Sai maganar yaushe. Littattafan motoci da yawa suna ba da wajen kilomita 40,000, su kuma ce a gaggauta in ana lodi ko ana bin ƙura da ruwa, wato dai halin da muke ciki kullum. To amma mu faɗi gaskiya, agogon kilomita na yawancin motocinmu ya daɗe da mutuwa. Saboda haka shawararmu a ɗaure abin da yanayi, yadda manomi ke yi. Kafin damina, a watan Yuni, a wanke hancin aksul a duba ko man ya kai baki. Bayan damina, a watan Oktoba, a kwance notin gefe a tsoma yatsa a ga kala. Motar haya ko ta lodi a canza mata duk shekara a wannan lokaci, ta gida duk shekara biyu. Duk ranar da ruwa ya rufe aksul, kada a jira Oktoba. A sayi ɗan littafi irin na ɗalibai a ajiye a mota, a rubuta rana da irin man da aka zuba, kamar yadda muke kiran suna a rajista kowace safiya, domin ƙwaƙwalwa tana mantuwa.

Ga 'yan'uwa masu tayar da motar da ta kwana damina biyu ko fiye a tsakar gida kuwa, muna roƙonku kada murnar jin inji ya tashi ta sa ku fita titi nan take. Rabin babban faifan nan yana sama da mai, ya yi shekaru a bushe, in damshi ya shiga ya yi tsatsa. Robobi sun ƙeƙashe da zafi. In ruwa ya taɓa kwanciya a gidan, mai yiwuwa yana kwance a gindin tukunyar, tunda ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara fitowa in an kwance notin ƙasa. A irin wannan mota kada a yi yawon ɗumamawa, a tsiyaye da sanyinsa. A zuba sabo, a ɗaga baya a juya tayoyi da hannu a saurara, a yi kwanaki ana tafiya a hankali ba lodi, kana a sake canzawa bayan 'yan makonni domin ya fito da tsatsar da ya wanko. A kuma lura tayoyin baya biyu su zama girma ɗaya, domin in sun bambanta, ƙananan haƙoran rabo za su yi ta aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya. In an kafe a rairayi kuma, a daina take totur taya ɗaya tana juyin banza, wannan ma ƙona su yake yi.

Wajen saye, a nemi galan mai hatimi wanda ba a taɓa buɗewa ba, a karanta GL da SAE da ido, wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da ɗansa ɗan makaranta, ai amfanin karatun ke nan. A buɗe a gabanka, a shinshina. Mai na awo daga jarka marar suna, komai arharsa, a bar wa mai shi. Tsohon man kuma kada a zuba shi a kwata ko a ƙasa kusa da rijiya, domin ƙarshensa Nilu ne, wanda daga shi muke sha. A tara shi a jarka mai murfi nesa da yara, a kai wa masu garejin da ke tattarawa, a kuma wanke hannu da sabulu.

A ƙarshe muna kira ga iyayenmu makanikai da su riƙa nuna wa masu mota tsohon man da suka tsiyaye, su gaya musu abin da suka gani a ciki, su kuma koya wa yaran gareji karanta jikin galan. Masu mota su ma su riƙa tambaya, ba raini ba ne mutum ya ce, "Usta, wane iri ka zuba?" Motocin nan su ke kai mara lafiya asibiti, su ke kai ɗalibanmu makaranta, su ke kawo dawa da albasa kasuwa, kuma a halin da ake ciki ba mu da waɗanda za su maye gurbinsu nan kusa. Allah ya dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa, ya mayar wa kowa alherin abin da ya rasa, ya kiyaye hanya. Wassalam.